Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa inda za su sauka, ɗalibin nan na shekara ta biyu a sashen fiziks, wanda 'yan ajinsu ke kira Kawu saboda furfurar gemunsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da yamma, a kan teburin ɗakinsa, tana tsakiyar rubuta rahoton gwaji. Shekarunta goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiya ta fara aiki ne a ofis, a hannun ƙanwar Kawu. Da ya ɗauki hutun ƙaro karatu bayan shekara goma sha huɗu yana koyarwa a firamare, ƙanwar ta goge ta da gefen mayafi ta miƙa masa. "Yaya, ga ta nan," in ji ta. "Akwai ta da nawa wajen aiki, amma ba ta ƙarya." Haka shi da Dattijuwa suka baro gida tare, ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya uku a garin da sai an yini a mota ake isa.

An shaide ta da haƙuri. Kowace Alhamis idan aka fito daga ɗakin gwaje-gwaje, 'yan aji sukan watse biyu-biyu, uku-uku, suna dariya. In sun zo giftawa ta gabansa sai su rage murya, su ce masa sannu cikin ladabi, su wuce. Ba wanda ya taɓa yi masa rashin kunya, ba kuma wanda ya taɓa cewa ya zo a zauna. Sai ya nufi ɗakinsa, ya buɗe ta. Takan yi minti goma kafin ta wartsake, shi kuma ya dafa shayi a wannan tsakanin. Daga nan fankar cikinta ta ɗauka: wuuuu. A ranakun Asabar, lokacin da duk ginin ke zama wayam, wannan ƙarar ce kaɗai ke amsa masa in ya yi tari.

Tare suka koyi tsarin rahoto: manufar gwaji, kayan aiki, yadda aka yi, sakamako, sai sashen kurakurai, inda mutum ke faɗin laifinsa da bakinsa. Ko da awonsa ya fito a warwatse kamar kajin da aka watsa wa tsaba, takan ja masa layi miƙaƙƙe ta tsakiyarsu, ba ta taɓa yi masa dariya ba. Rahoto ashirin da uku suka rubuta.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma maɓallinta na sifiri sai an danna sau biyu yake kamawa. Ta haka ne Kawu ya taɓa miƙa rahoton da ke cewa sauti na tafiyar mita talatin da huɗu a daƙiƙa, maimakon ɗari uku da arba'in. Malamin ɗakin gwaji ya zagaye wurin da jan biro, ya rubuta tambayar ko sautin nasa a motar haya ya zo. Kawu ya yafe mata tun a ranar.

Ta kuma iya rufin asiri. A cikinta akwai wata wasiƙa da ya fara rubuta wa shugaban makarantar da yake koyarwa, yana roƙon a bar shi ya dawo bakin aiki, don karatun ya fi ƙarfinsa. Sau shida yana buɗe ta, ya ƙara layi ɗaya, ya rufe. Ko maiɗakinsa ba ta san da ita ba. Marigayiya ta tafi da wasiƙar a cikinta, kuma zuwa yau bai sake fara wata ba.

Ciwon ajali ya soma ne daga batir. Tun bara ba ta iya numfashi sai da caja a jiki. Sannan zazzaɓi ya biyo baya, har ya riƙa ɗora ta a kan littattafai biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. A watan jiya aka fara jin wani sauti a cikinta, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin katako. Ya ce bari a gama wannan rahoton tukuna a kai ta a duba. Ranar Talata yana cikin shigar da lambobin gwajin lilo, wato ƙwallon ƙarfen da ake ratayawa da zare a auna lokacin kai-kawonsa, sai ta ce ɗit, ɗit, ɗit. Fankar ta tsaya. Gilashin ya yi baƙi, bai ga komai a ciki ba sai fuskarsa.

Ya naɗe ta da tawul ya kai wa mai gyara. Mutumin ya kwance ta, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Malam, ai wannan ta daɗe tana yi maka bankwana, kai ne ba ka ji ba." Ba a ceto komai ba. Awon mako biyu, wanda ya riƙa shigarwa cikinta kai tsaye ba tare da ya rubuta a littafi ba, duk ya bi ta, ga shi ranar Juma'a ake karɓar rahoto.

Ya kira gida ya faɗa. Maiɗakinsa ta ce, "Allah Ya mayar da alheri. Ka ci abinci kuwa?" Ya ce ya ci. Washegari ya tsaya a gaban malamin ɗakin gwaji, wanda Kawu ya girme shi da shekara goma, hannuwa a baya kamar yadda yara ke tsayawa a gabansa a da. Malam ya ƙara masa mako ɗaya, bisa sharaɗin ya sake awon daga farko.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wurare uku, wadda har yanzu take maƙale a bango. Ta bar jaka mai tsinkakken zif, da filash ɗin da rabon da a ajiye wani abu a cikinsa tun zangon da ya wuce. Ta kuma bar Kawu, wanda jiya da yamma ya dafa shayi, ya juyo da kofi a hannu, sannan ya tuna babu abin da yake jira.

Mai gyara ya nemi a bar masa gilashinta da fankarta don wasu su amfana, an kuma amince. Sauran gawar za a mayar da ita cikin jakarta, a ɗora a kan kabad ranar Alhamis da safe. Ba a buƙatar taro.

Za a karɓi gaisuwa a ranar, daga ƙarfe biyu zuwa biyar, a ɗakin gwaje-gwaje, teburin ƙarshe kusa da taga. Gwajin lilon da za a sake na mutum biyu ne: ɗaya ya saki ƙwallo yana ƙirgawa, ɗaya ya danna agogo. Abokin da aka haɗa Kawu da shi ya canza sashe tun farkon zango. Duk wanda ya samu zuwa, ba sai ya ce komai ba. Ya ja kujera kawai, ya riƙe masa agogon.