Fatawata a Kan Shinkafar Java

Ba zan taɓa mantawa da walimar ɗan Malam Sani ba. Ko na so in manta, matata ba za ta bari ba.

Shekara talatin na yi a reluwe. Fatakwal, Maiduguri, Legas, har Urushalima na taka a ziyarar ibada. A layinmu nan Kafanchan, in ana hirar duniya ni ake kallo. Sai ga Malam Sani maƙwabcina, mai sayar da citta, wanda yawonsa bai wuce Mararaban Rido ba, ɗansa Bashir ya je karatu Indonesiya ya auro 'yar tsibirin Java. Malam Sani ya hau jirgi ya je ɗaurin aure ya dawo. Shi ke nan, masu zama a bencina duk suka koma ƙofarsa. (Har fastonmu ya je jin labari. Wannan ya ci mini rai.)

Ranar walima aka fito da wata shinkafa mai danƙo a tire, an dafa ta da kwakwa da sukari, an yayyanka. Malam Sani ya miƙe yana bayani, wai a can dangin ango ne ke kai wa dangin amarya irin wannan. Kowa na gyaɗa masa kai. Na kasa haƙura.

"Malam Sani, a dai yi hankali," na ce. "Mu da muka yi yawo mun san wannan. Abincin tsafi ne. Anya addininku ya yarda?"

(Dattijon coci ne fa ni. Ga liman zaune a gefena, amma ni ke ba da fatawa.)

Amarya ta raɗa wa Bashir magana. Ya dube ni ya ce, "Baba, ta ce danƙon nan fatan alheri ne kawai, miji da mata su manne wa juna."

Liman ya ɗauki yanka ɗaya, ya yi bismilla. "Kyauta ce tsakanin surukai, kamar nakiya da alkaki a garar aurenmu. Al'adar da ba ta saɓa wa shari'a ba, ba laifi." Sai ya juyo gare ni. "Baba, a wane gari ka sauka a Java?"

Daidai nan amarya ta durƙusa ta miƙo mini tire. Don in guje wa amsa, na cusa babban yanka a baki. Haƙorana suka manne. Na yi, na yi, ko "eh" ta ƙi fita.

Daga cikin mata na ji muryar matata: "Amarya, don Allah ki koya mini dafa wannan."

Tun ranar, in aka zo hirar ƙasar da ban taɓa takawa ba, tire nake nema.