Zumar Giginya a Ƙofar Gidan Liman

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai zumar bishiya gidan surukaina ba, kuma ko na so mantawa mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, an rufe gidajen giya, kowa yana kaffa-kaffa da sunansa. Ni kuwa ina koyar da aikin gona a wata sakandare a nan Daura, ina kuma neman auren Rabi, 'yar limamin unguwarmu.

Ɗan baffana Nasiru ne ya dawo daga karatu a Kanada da wata 'yar kwalba. Ya ɗiga mini abin ciki a kan waina, na ji zaƙi mai ƙamshi kamar zuma ta haɗu da mazarƙwaila. Ya ce ba ƙudan zuma ke yi ba, ruwan wata bishiya ce mai suna mapul. Idan sanyi ya fara raguwa sai mutanen can su huda jikinta, su rataya bokiti, ruwa ya yi ta ɗiga. Sannan a yi ta tafasa shi har ya yi kauri. Da shi suke shan shayi, suna zuba wa fanke, ba ruwansu da sukari.

"Amma ku a nan ba ku da irin bishiyar," in ji shi.

Wannan "ku" ɗin ce ta ɓata mini rai (mutumin da muka sha furar kaka a ƙwarya ɗaya). Na ce masa ya zuba ido.

Na fara da darbejiya. Kada ku tambaye ni ɗanɗanon. Gawo ya ba ni ƙaro. Daga nan na tuna da giginyoyin gonarmu ta hanyar Dutsi. Na ari tsani, na hau, na yanka bakin furen, na rataya gora. Washegari na tarar da ruwa fari, mai zaƙi. Har rawa na taka a gindin bishiyar.

Nasiru ya ce sai an tara ruwa mai yawa kafin a sami ɗan kaɗan. Don haka kullum sai in juye a jarka, in murɗe murfi tamau, in jingine ta a ɗakin gona. Abin da bai faɗa mini ba shi ne su a can sanyi ke tsare musu ruwan. Ni kuwa a tsakiyar bazara nake.

Da jarka ta cika, na ɗaure ta a bayan babur. Mahaifiyar Rabi ta yi suna wajen alkaki, tana da babbar tukunya, na riga na aika mata cewa zan kawo abin da zai kori sukari daga gidanta. Na lura jarkar ta yi ƙiba, na ce albarka ce.

Na iso bayan la'asar, Liman da dattawa suna zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe su, na dire jarkar a gabansu.

"Me ka kawo mana, Malam?" in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, zuma ce ta bishiya, irin ta Turawa."

Ina taɓa murfin ya yi tsalle ya bugi bangon zaure. Kumfa ta yi sama, ta wanke mini fuska da kaftani, ta jiƙa tabarma da gefen babbar rigar Liman. Sai warin ya tashi. Wani tsoho da ya yi zaman kudu ya ja hanci, ya ce a hankali, "Wannan ai bammi ne."

Hankali ya ce in ba da haƙuri in ɓace. Maimakon haka na miƙe, kumfa na ɗiga daga gemuna, na fara lacca. Na ce ruwan bishiya halal ne, zafin garinmu ne ya ci amanata, kuma wanda ya yi niyyar shan giya ba ya kawo ta ƙofar liman da rana tsaka.

Liman ya daɗe yana duban rigarsa. Ya ce, "Hujjarka ta ƙarshe ta karɓu. Ɗauke jarkarka."

Maganar aure ta tsaya cak. Ɗalibaina suka raɗa mini Malam Mai Kumfa. Nasiru ya ce in haƙura, na ce ban ga dalili ba. Na koma na hau giginyar, na sauke ruwan da sassafe, na hura wuta a gindinta na ɗora tukunya nan take. Na wuni ina juyawa, hayaƙi na cin idona, daga ƙarshe na sami abin da bai cika kofin shayi ba, ja wur, mai kauri. Na kai wa Liman da hannuna. Ya sunsuna sosai kafin ya lasa, sannan ya aika da shi cikin gida. Aka tsoma alkaki a ciki.

Rabi tana ɗakina yanzu, da 'ya'yanmu. Har yau ban yarda na yi laifi ba. Darasin dai da na ɗauka: in za ka kai wa surukai sabuwar fasaha, fara buɗe murfin a gidanku.