Yadda Za Ki Rasa Gidan Da Mijinki Ya Gina Miki A Cikin Kwamfuta

Ranar Talata labarin ya same ni, ina tsakar gida ina tankaɗen garin dawa. Halliru ƙanen maigidana ya shigo ba sallama, ya tsaya a bakin rijiya ya faɗa mini. Mota ce ta buge maigidan nawa, Baban Ma'u, a kan babur ɗinsa a hanyar Gwiwa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ba wannan zan koya miki ba, shi ba a koyar da shi. Zan koya miki yadda za ki rasa duk wasannin da mijinki ya saya ta intanet ya zuba a kwamfuta, har da wanda ya shekara biyu yana gina miki gida a ciki. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a wannan fanni babu kamata daga Roni har Kazaure. Ki bi matakan nan. Na yi miki alkawari ko bulo ɗaya ba zai rage miki ba.

Mataki na 1: Ki samu miji mai tanadi

Ba a rasa abin da ba a tara ba, don haka ki fara da mutumin kirki. Nawa mai zanen gine-gine ne a ƙaramar hukuma, kuma a gidan haya muke. Yana da wasan ƙwallo, da na tuƙa babbar mota, da wani na gini. A na ginin ya yi mana gida. Ya tambaye ni inda nake son madafa, na ce kusa da rijiya, ƙofa ta kalli gabas. Ya nemi zogale a cikin itatuwan wasan bai samu ba, sai ya dasa wani abu mai kama da shi, ya ce in yi haƙuri.

Mataki na 2: Idan yana bayani, ki ce to

Wannan matakin shi ne ginshiƙi. Zai gaya miki cewa kamfanin da ya sayar masa da wasan bai yarda da shi ba, duk bayan 'yan makonni sai ya gan shi a intanet kafin ya buɗe masa. Shi ya sa yake ɗaukar kwamfutar ya hau dutsen bayan gida, don nan ne kaɗai ake samun sabis a unguwarmu. Zai ce abin ya ishe shi, har ya sake sayen wasan a wani shagon da ke ba mutum kayansa ba takunkumi, ya kwafe shi tare da gidan cikin wani ɗan baƙin akwati mai girman sabulu, kafin ya samu sararin mayar da shi kan kwamfutar.

"Saude, wannan ba ruwansa da sabis. Ko kwamfutar ta mutu, gidanki yana nan ciki."

Kada ki ɗago kai. Ki ci gaba da tsince wake. Ai mutum ne mai shekara talatin da takwas, ina za shi?

Mataki na 3: Ki yi kunya ranar rabon gado

Bayan sadakar bakwai za a shimfiɗa tabarma a zaure, a baje kayansa. Malam Muhammadu Lawal ne ya raba namu, kuma bai zalunci kowa ba. Kwamfutar ta faɗa rabon 'yata Ma'u. Da aka zo kan ɗan akwatin, kowa ya juya shi ya kasa gane shi, sai wani dattijo ya ce batirin cajin waya ne. Aka haɗa shi da rediyo da fitila aka tura gaban Halliru.

Ke kina bayan labule kina ji. Zuciyarki za ta ce miki ki yi magana. Ki danne ta. Kina so a ce ko sati biyu bai yi a ƙasa ba matarsa tana rigima a kan batir? Ban da haka, ai wasan yana buɗewa. Ni a waɗancan kwanakin ina kunna shi in danna kibiya, in shiga zaure, in leƙa madafa, in tsaya a gindin zogalen ƙarya har cajin ya ƙare.

Mataki na 4: Ki kiyaye takaba, ki dogara da ƙanen miji

Wata rana rubutu zai fito, yana neman ki haɗa kwamfutar da intanet. Ki je ki durƙusa gaban surukarki ki nemi izinin hawa dutse. Inna Dela ta dube ni sama da ƙasa.

"Mai takaba a kan dutse, da kwamfuta a hammata, gari na kallo? 'Yar nan, ki ji tsoron Allah."

Ta ce Halliru zai hau mini. Halliru ya ce gobe. Goben Halliru wata uku ce. Ranar da ya hau, abin ya riga ya manta da mai shi, yana neman kalmar sirri. Wanda ya manta kalmar, sai su aika masa lamba a layinsa. Wayar maigidana ta farfashe a kan titi ranar hatsarin, masu layin kuma suka ce sai mai shi ya zo da kansa. Ki yi musu godiya. Mutane ne masu tsari.

Mataki na 5: Yanzu ki tuna da akwatin

Ba kafin yanzu ba. Ki aika a kira Halliru, ki tambaya a hankali. Zai yi murmushi ya ce ashe ba batir ba ne, ya kai shi wajen mai tura fim a Kazaure, an gano masa amfaninsa.

"Yaya Saude, shirme ne cike a ciki, ko buɗuwa ba ya yi a waya. Ya wanke mini shi tas, ya zuba fassarar Indiya da wa'azi."

Ki ba shi ruwa ya sha. Ya sha hanya.

Mataki na 6: Ki rubuta wa kamfani

Ki nemi mai Turanci. Ni Rahamatu maƙwabciyata, malamar makaranta, ita ta rubuta mini. Za su amsa da sauri, su yi miki ta'aziyya mai daɗi, sannan su ce ba wasan ya saya ba, izinin yin wasa ya saya, kuma izini ba a gadonsa. Na sa aka karanta wa Malam Lawal amsar. Mutumin da ya raba shanu da gonaki, har rijiya ya taɓa rabawa tsakanin 'yan'uwa, ya ce bai taɓa jin cinikin da mai kaya ke kwashe kayansa ranar jana'izar mai saye ba.

Mataki na 7: Ki saurari masu hankali

Za su zo. Za su ce wasa ne fa, ba gidan gaske ba, kamar ke ba ki sani ba. Ki gyaɗa kai. Kada ki ce musu shi ne kaɗai wurin da ya rage wanda hannunsa ya jera komai, kuma babu wanda ya shiga ya gusar da ko kujera.

Sanarwa

Idan kin bi matakan nan kin yi asara, kada ki neme ni, abin da kika zo nema kenan. Idan kuma kika tashi yau kika sa mijinki ya rubuta miki kalmar a takarda, kika ɓoye akwatin cikin kwallarki, to kin saɓa wa darasina, ba ni da alhakin duk abin da ya tsira.

Da na fita takaba na dawo gidanmu a Kazaure, inda sabis ke shiga har ɗaki. Wani mai gyara ya duba ya ce gidan yana nan cikin kwamfutar, kalmar kawai ake jira, amma kada in yawaita gwaji a jere don kada su rufe gaba ɗaya. Saboda haka ɗaya nake gwadawa a rana, da safe, da yatsa ɗaya. Sunana na fara sawa. Ba shi ba ne, kuma na kwana biyu ina fushi da shi. Na sa na Ma'u, na sa na Inna, na sa lambar babur ɗinsa. Yau na gwada sunan kifin da yake so. Na gobe ban zaɓa ba tukuna.