Yadda Za Ki Kare Ƴar Farinki a Gaban Kwamitin Iyaye

Ƴar'uwa, idan makaranta ta kira ki gaban kwamitin iyaye domin a yanke ko za a kori ƴarki, kwantar da hankalinki. Lauyoyi sun ce jawabin farko shi ne rabin shari'a. Ni na gwada a wata makarantar yara a Gwarinpa, da aka ce ƴar farina Muhibba, mai shekara huɗu, ta gantsara wa wani yaro Fortune cizo a hannu. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci ba za a kore ta ba.

1. Haɗa hujjarki

Tawa ba ta da makusa: yaron ne ya fara jan kitsonta har ta yi ƙara. Tsara jawabin da kyau. Maimaita shi a gaban madubi, a bakin murhu, har cikin keke. Kada ki tsaya sai mai keken ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ni dai na wanke ta."

2. Sanar da surukarki

Don ta sa ku a addu'a kawai. Za ta ce addu'ar kusa ta fi saurin karɓuwa, ta hau mota daga Gwagwalada, ta riga ki zama a kujerar gaba a ɗakin taron.

3. Tuna gidan da kika fito

Yanzu kin miƙe, kwamiti ya zuba miki ido, Hajiya surukarki ma haka. A nan za ki tuna cewa ƴar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ƴar fari, ba ta yabonta, balle ta tsaya mata a gaban uwar miji. Masana sun ce kunya adon mace ce. Ba su taɓa zuwa gaban kwamiti ba.

4. Buɗe jawabin

Shugaban kwamiti, Oga Thaddeus, zai ce, "Madam, muna jin ki. Yaya sunan yarinyar?"

Dubi ƙasa, ki nuna ta da leɓe. "Waccan."

"Ke ce mamanta?"

"Haka dai suka ce."

"Ta saba cizo ne?"

Jawabin madubi yana nan a maƙogwaronki. Haɗiye shi, ki ce, "Ai ba ta jin magana. Ko a gida haka take."

Hajiya za ta gyaɗa kai, ta ce, "Tarbiyya ke nan." Kwamiti kuma zai kalli juna. Muhibba za ta kama bakin mayafinki. Yi kamar ba ki gani ba.

5. Jira agaji daga abokiyar gaba

Wannan shi ne sirrin. Maman Fortune, wadda ta kawo ƙarar, ba Bahaushiya ba ce, amma za ta miƙe ta ɗaure zani, ta tsaya wa ƴarki da ƴar Hausarta.

"Haba Madam! Wane irin mama ne kai? Yaro na ne ya fara jan gashinsa, da bakinsa ya gaya mini! Oga, in kun kori wannan yarinya, wa zai tsaya masa? Ko mamansa ba ya son shi!"

Kada ki gyara mata. Ta yi miki jawabinki, har ta fi ki.

6. Karɓi nasara

Kwamiti zai bar yarinyar, ke kuma ya ba ki shawarar ki riƙa rungumar ta. Yi godiya. Raka Hajiya tasha, sai motarta ta sha kwana, sannan ki ƙanƙame ƴarki har ta ce, "Umma, sake ni. Gobe Maman Fortune ce za ta zo ɗaukata?"

Gargaɗi

Ni dai abin da ya yi mini aiki na faɗa. Idan kika tarar mai ƙarar Bahaushiya ce, yaron ɗan farinta ne, ita ma surukarta ta biyo ta, to ba hannuna ba ƙafata. Ku haɗu ku nemo wa yaran biyu sabuwar makaranta.