Sabon Birki a Ƙofar Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren Sanusi, ƙanin matata. Ko ni na so in manta, mutanen unguwarsu a Shagari ba za su bari ba.

Ni tela ne, shagona yana bakin titi a Bodinga. Abin hawana a lokacin wani tsohon baƙin keke ne da na gada wajen mahaifina, irin mai birkin ƙarfe da ƙaton sirdi. Na daɗe ina son babur, ƙarfina bai kai ba. Wata rana Bello, makaniken da ke maƙwabtaka da shagona, ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini wasu mutane da ke ɗaura wa keke ɗan ƙaramin inji, ya koma kamar babur. Muka kalla, muka sake kalla. Ni da Bello halinmu ɗaya: in ɗaya ya kawo shawarar banza, ɗayan ba ya cewa a'a, sai dai ya ce yaushe za a fara.

Muka samo injin a Sakkwato, muka ɗaura. Tankin mai a kan sandar tsakiya, totur a hannun dama, kuloci a hagu, ga ɗan jan maɓalli na kashe inji. Gaskiya ya yi aiki. Sai dai ƙararsa ta fi gudunsa, in na taso daga gida masu shayi a bakin tasha sun san na taso.

Matsalar ita ce tsayawa. Birkin kekena an yi shi ne don mutum mai tuƙa feda cikin natsuwa, ba don inji ba. Robobinsa sun cinye, ƙarfen ya yi sanyi. Don haka na koyi wata dabara tawa: tun daga nesa in saki totur, in damƙe birki biyun da duk ƙarfin da Allah ya ba ni har jijiyar hannuna ta tashi, sannan in sauke ƙafafu in ja ƙasa da takalmi. (Silifas nawa na cinye a wannan shekarar, mai sayar da su ne kaɗai ya sani, kuma ya fara gaishe ni da fara'a ta musamman.) Tayoyin ma sirara ne, sun goge sumul, in na shiga rairayi sai keken ya riƙa rawa kamar mai jin kalangu. Wata rana a hanyar Danchadi saura kaɗan in shige cikin jakin da ke ɗauke da buhunan albasa. Jakin ne ya yi hankali ya kauce.

Duk wannan bai dame ni ba kamar bakin Sanusi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin mutum da ƙannen matarsa, amma shi Sanusi ya mai da shi sana'a. Duk ranar da na kai ziyara Shagari, da ya ji ƙarata sai ya leƙa zaure ya ɗaga murya:

"Mata, ku hito da gero, injin niƙa ya iso!"

Sannan ya tsaya ya kalli yadda nake jan ƙafa kafin in tsaya, ya ce, "Yaya, wanga abu naka, kai ka tuƙa shi ko shi ka tuƙa ka?"

Nakan yi dariya, amma maganar tana cina a rai.

Da aka sa ranar aurensa bayan kaka, aka ba ni ɗinkin babbar rigar ango. Farar shadda ce mai kyau, mahaifinsu ne da kansa ya aiko da ita. A nan ne na ƙudura cewa ranar bikin nan Sanusi zai ga abin da bai taɓa gani ba. Na sami Bello na ce ina son keken ya ƙara gudu, kuma ya tsaya kamar na mutane.

"Awo," in ji Bello, idonsa har yana ƙyalli. "Gudu ba wuya. Amma sai mun canza taya da birki gaba ɗaya."

Muka koma Sakkwato wajen masu kekunan gwanjo. Muka samo ƙafar gaba ta wani keken hawan dutse, da birkinta irin mai faifan ƙarfe a tsakiyar taya. Muka samo tayoyi masu kauri, masu haƙora kamar na tarakta. Na baya kuma muka sa masa sababbin robobi da sabuwar waya. Bello ya buɗe injin ya taɓa nan ya taɓa can, ya canza faifan sarƙa, ya ce yanzu ko ɗan kabu-kabu sai ya yi da gaske kafin ya wuce ni.

Aikin da muka ce na yini ɗaya ne ya ci mako. Wannan ƙarfe bai shiga wancan rami ba, a kai wa mai walda, a dawo, a sake kwancewa. Ni kuwa maimakon in zauna a kan keken ɗinki, ina tsugune a gaban keken hawa, hannu duk baƙin mai. Rigar ango tana rataye, an yi aikin wuya, ba a haɗa hannuwa ba.

Matata ta riga ta tafi Shagari da yara tun farkon makon. Kullum sai ta kira.

"Baban Nana, ƙaƙa maganar riga?"

"Saura guga," nake cewa. (Wanda ya taɓa kai wa tela ɗinki ya san ma'anar wannan kalma. Tana iya nufin komai, har da cewa ba a yanka yadin ba.)

Sai da safiyar ɗaurin auren aka gama abu biyun, riga da keke. Gwajin birkin da muka yi shi ne: Bello ya ɗaga tayar gaba ya juya ta da hannu, na taɓa birki, ta tsaya cak. Muka kalli juna muka gyaɗa kai kamar manyan injiniyoyi. Na ninke rigar ango da tawa babbar rigar a leda, na ɗaure a kariyar bayan keke. Na sa gajeriyar jamfa da wando, don doguwar riga ba ta shiri da sarƙa. Na yi bisimilla na hau titi.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar nan ta yi daɗi. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, gonaki an girbe, ga dammunan gero a jingine a bakin ƙauyuka. Sababbin tayoyin sun kama kwalta, babu rawa babu karkarwa. Na wuce Sifawa iska tana kaɗa mini jamfa. Na wuce wani mai babur da ya ɗauko akuya, ya waiwayo ya kalle ni da mamaki, ita ma akuyar ta kalle ni. Hanya a miƙe take, ba abin da ya tare ni, in na ga rami sai in sassauta totur in kauce. Har na shiga Shagari ban taɓa birki ba ko sau ɗaya.

Yanzu sai in faɗi wani abu game da surukina, wanda muke kira Baba. Dattijo ne mai natsuwa, manomi, ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawar magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In zan gaishe shi, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, in yi magana ƙasa-ƙasa. Shi ma da kunyarsa yake amsawa, yana kallon gefe.

Da na karyo kwanar layinsu, sai na hango an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida. Dattawa sun cika, ana jiran a tashi a tafi gidan amarya. Baba yana tsakiya, liman yana damansa. Can bakin zaure kuma ga Sanusi da singileti, yana leƙen hanya, yana jiran rigarsa.

Mai hankali a nan zai kashe inji ya sauka ya tura keke. Ni ma haka na saba in na ga Baba a waje. Amma da na ga Sanusi, sai wani abu ya raɗa mini cewa ga ranar da ka jira. Shirina shi ne in taho da gudu, in tsaya cak a gabansa ba tare da ƙafata ta taɓa ƙasa ba, in miƙa masa leda in ce ga niƙanka. Na ƙara murɗa totur.

Kaina ya san birki sabo ne. Hannuna ne ba a gaya wa ba. Da lokacin tsayawa ya yi, ya damƙe shi da ƙarfin nan na shekara guda, ƙarfin da ya saba yi wa tsohon birki.

Tayar gaba ta tsaya. Ita kam ta cika alkawari. Ni ne ban tsaya ba. Na ji sirdi ya rabu da ni, na ga kan keken ya wuce ta ƙarƙashina, na ga ganyen dogon yaro kusa da fuskata fiye da yadda na taɓa ganinsa. Sannan na sauka rub da ciki, na zame a kan rairayi, na tsaya daidai bakin tabarma, goshina a gaban ƙafafun Baba. Hulata ta gangara ta kwanta a cinyar liman.

Da a nan abin ya tsaya da na gode. Amma keken ya faɗi ta gefen dama, totur ya cusu cikin ƙasa ya maƙale, inji yana ta kururuwa. Tayar baya, mai haƙoran nan da nake alfahari da su, tana juyawa tana kwasar rairayi tana watsa wa dattawa. Wasu suka kare fuska da hannun riga, wasu suka miƙe suna salati. Sanusi ya rugo ya tsaya a kan keken yana zagaye, bai san inda zai taɓa ba.

Ina kwance, fuskata a ƙasa, na buɗe baki na kwarara ihu: "Jan maɓalli! Danna jan maɓallin, kai!"

Wannan ne karo na farko da surukina ya ji cikakkiyar muryata.

Inji ya mutu. Wuri ya yi tsit, har ina jin kukan kurciya a kan bishiya. Na duba jikina a ɓoye: ba karaya, sai ɗan ƙujewa a tafin hannu da gwiwa. Na yi tunanin abin da ya dace mutum ya yi a irin wannan hali, ban sami komai ba. Da yake dai ina ƙasa, sai na tattara gwiwoyina na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce:

"Baba, ina kwana."

Baba ya kakkaɓe rairayi daga gaban rigarsa a hankali. Ya kalli gefe kamar yadda ya saba.

"Lahiya lau. Ƙaƙa hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ƙaƙa gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ƙaƙa mutanen Bodinga? Kun baro su lahiya?"

"Suna gaishe ku."

"Madalla. Muna amsawa."

Ko gezau. Kai ka ce a kan ƙafata na zo. Liman ya fitar da rairayi daga gemunsa, ya kaɗe hulata ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Allah shi kiyaye gaba." Wani tsoho daga ƙarshen tabarma, wanda ban sani ba, ya ce wa na kusa da shi da muryar da yake zaton raɗa ce, "Ni dai ban taɓa ganin suruki mai ladabi irin wanga ba. Tun daga sama yah hwara durƙuso." Sai na ga kafaɗun dattawa suna motsi, kowa yana tari a cikin hannun riga.

Na yunƙura zan tashi, sai na ji iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Wandona ya tsage ta baya, tun daga ƙugu har ƙasa, kuma jamfata gajeriya ce. Tsakanina da zaure akwai tafiya, kuma duk a gaban mutane. Na koma na durƙusa. Na ƙara gaida Baba da gida. Ya amsa. Na gaishe shi da hidimar biki. Ya amsa. Gaisuwa ta fara ƙare mini.

Sai ya ɗaga hannu ya sauke hiramin da ke kafaɗarsa, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Riƙa man wanga, ka kai man ciki. Zahi ya dame ni."

Babu wani zafi a safiyar nan. Na karɓa da hannu biyu, na yafa ta baya, na miƙe na shiga zaure da ɗan sauri, irin tafiyar mutumin da aka aika.

A zaure na tarar da Sanusi ya kwance leda, ya riga ya zura rigarsa. Ta zauna masa sosai, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Ya dube ni, bakinsa yana rawa, hawaye a idonsa. Na jira abin da zai ce. Sai kawai ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, riga ta yi. Na gode." Ya juya ya kifa kai da bango, ya yi dariyar da sai da aka zo aka ce masa ana jiransa.

Na sa babbar rigata, aka tafi aka ɗaura aure lafiya. Da la'asar matata ta same ni a zaure, ta kawo mini fura. Ashe mata sun ga komai ta saman katanga. Ta duba tafin hannuna, ta tambaya ko na ji ciwo, na ce a'a. Sannan ta ɗauki yagaggen wandon ta juya shi, tana duban ɗinkin.

"Baban Nana, wane tela ne ya ɗinka wannan?"

Na ci gaba da shan furata. Ta san amsar.

Da zan tafi na je sallama. Baba ya sa mini albarka, ya ce in gaida gida. Har na juya ya ƙara da cewa, cikin muryarsa ta kullum, "In ka kusa isa, ka hwara tsayawa da wuri." Na ce to. Na tura keken da hannu har sai da na fita daga layin kafin in tayar da shi.

Washegari na tafi bayan gari, wani fili inda ba kowa sai tumaki, na yi ta tashi ina tsayawa har hannuna ya yarda cewa yatsa biyu sun isa, kuma na baya ake fara taɓawa. Keken yana nan, yana gudu, yana tsayawa lafiya. Darasin da na samu ba mai zurfi ba ne, amma na biya shi da fatar gwiwata: duk abin da ka gyara, ka gwada shi a gaban tumaki kafin ka kai shi gaban surukai. Su tumaki in sun gani, ba sa ba da labari a wajen suna.