Tsinken da Kawu Idi ya ba ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa sa Kawu Idi ya ajiye farauta. Kawu wan mahaifiyata ne, maharbi a wani ƙauye kusa da Gangara. Ni kuwa mai walda ne a Gazawa, kuma a lokacin ina jin duk yankin babu mai hannuna (ni kaɗai nake jin haka).

Wata ranar kasuwa ya shigo shagona da tsohuwar bindigarsa a naɗe cikin buhu. Ɗan ƙarfen nan da ke saman bakinta, wanda ake daidaita ido da shi wajen saiti, ya karye. Ya ciro wani guntun tsinke daga cikin hularsa ya miƙo mini.

"Ga tsawonshi nan. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Na ce, "Haba Kawu, ni da nake haɗa ƙofofin buro, ofisoshin gwamnati?"

Bayan ya fita na sayi tsire na ci. Nama ya maƙale mini a haƙori, na laluba kan teburi, hannuna ya faɗa kan wani tsinke. Sai da na gama sakace na tofar na gane ko wane tsinke ne. Ban damu ba. Na liƙa sabon ƙarfe da ƙiyasin ido, na ga ya yi tsiri kamar ƙahon bunsuru, sai na goge shi har ya koma ɗan gajere mai sheƙi. Wallahi ya yi kyau.

Maharban ƙauyensu suna da al'ada: kafin su fara fita daji bayan girbi, sai a rataye duma a jikin gawo, kowa ya gwada bindigarsa a gaban jama'a. Na hau babur na je musamman don in ji ana yaba aikina.

Kawu ya durƙusa, ya saita, ya harba. Duma ko motsi. Ya sake ɗurawa ya harba. Haka. A na uku ma haka, jama'a suka dubi juna, domin babu wanda ya taɓa ganin Kawu ya kuskure duma ko sau ɗaya.

Abin da ban sani ba, watanni ke nan yana zargin idonsa na dama, yana ɓoye wa kowa. Ya miƙe a hankali, ya shafa fuskarsa, ya miƙa wa ƙanensa bindigar.

"Karɓi, Sani. Ido ya tafi. Na gama."

Ni fa a nan na san inda matsalar take. Kalma ɗaya ta ishe shi. Amma na dubi taron, na tuna ƙofofin buro, na ja bakina na yi shiru. Har da girgiza kai irin na masu jaje. Wannan girgiza kan ita ce ta fi damuna har yau.

Baffa Buba, wani dattijon makiyayi abokin Kawu, shi ne ya taka zuwa gindin gawon da sandarsa. Ya daɗe yana duba jikin itacen, sannan ya ɗaga murya.

"Idi, zo ka gani. Duk ukun wuri guda suka shiga, taƙi ɗaya bisa duma. Mai ciwon ido ba ya haka. Bindigarka ce ke kallon sama."

Kawu ya karɓi bindigar, ya shafa ɗan ƙarfena mai sheƙi da babban yatsa. Ashe idan ya gajarta, dole maharbi ya ɗaga baki kafin ya ga saiti, harsashi ya bi ta sama. Ya juyo gare ni.

"Ina tsinken da na ba ka?"

Na so in yi ƙarya, amma babu wadda ta zo. Na ce, "Kawu, sakace na yi da shi."

Dariyar da aka yi, har wani tsoho sai da aka riƙe shi. Kawu kaɗai bai yi ba. Ya ari bindigar Sani, ya durƙusa, harbi ɗaya duma ya tarwatse. Na ga ya ɗaga kai yana duban sama, leɓensa na motsi da hamdala.

Da zan tafi ya rako ni har wurin babur. Na fara ba shi haƙuri kan ƙarfen, ya tsayar da ni.

"Ƙarfe ai gyaruwa yake. Amma ka ga ina kukan idona, kana tsaye ka sani, ka bar ni."

Na hau babur na kama hanyar gida.

Washegari ya aiko da bindigar da sabon tsinke, wannan karon ɗaure da jan zare don kada ya yi kama da na sakace. Na gyara daidai, ban ƙara ba, ban rage ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini awo, ko da igiyar rama ce, a aljihun gaba nake sa shi. Idan kuma na ɓata aiki, ni nake fara faɗa kafin a nemo Baffa Buba. Amma a Gangara, ko jana'iza na je, sai wani ya matso kusa ya tambaye ni a hankali ko ina bukatar tsinke.