Kunyar Gwaggo Birjit

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana ba, kuma ko na so in manta, akwai mutum wajen sittin tsakanin Landover da Upper Marlboro da suka ɗauki tuna mini kamar wata ibada.

Ni dai tsohon ɗan kasuwar atamfa ne daga Kano. Bokona ya tsaya a aji biyar na firamare (ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, ni da malamin lissafi ne jininmu bai haɗu ba). Shekara bakwai ke nan da ɗana ya ɗauko mu ni da Hajiya ya ajiye mu a wani bene a garin Landover na ƙasar Amurka. Likita ne, kuma Likita nake ce masa, tunda ɗan fari ne ba zan kama sunansa ba. Ya auri wata nas da suke aiki tare, Orla, 'yar ƙasar Ireland. Da farko na ɗauka Ireland wata unguwa ce a bayan Landan, kuma ranar da na faɗi haka a gabanta ce kaɗai na taɓa ganin ranta ya ɓaci. Yarinya ce mai hankali. Ta koyi rusunawa ta gaishe ni, ta koyi tuwon shinkafa, tana ce mini Baba, ni kuma har gobe Amarya nake ce mata.

Da cikinta ya tsufa aka ce namiji ne (a ƙasar nan tun yaro bai iso ba an gama leƙa shi). Sai suka zo mini da magana. Sunan yanka Muhammad, wannan babu gardama. Amma Amarya tana son a ƙara masa na biyu irin na ƙasarsu, don kada ya tashi a Amurka ya manta yana da dangi ta can.

"Baba, kai muke so ka zaɓa," ta ce, ta miƙo mini takarda. Sunaye biyar ta rubuta da hannunta.

Na karɓa da hannu biyu, na ɗora tabarau a kan hanci, na yi gyaran murya irin ta alƙalai. Na ce, "An gama. Amma da sharaɗi. Babu mai jin sunan nan sai ranar bakwai, a bakin liman. Haka muka gada."

Likita ya ce asibiti suna son suna a takarda kafin su sallami mai jego. Na ce a rubuta Muhammad a bar fili, ai ba gudu filin zai yi ba.

Da na koma gida na dubi sunayen nan, sai na ji ba su kwanta mini ba. Mu a wajenmu ba a tsintar suna a takarda. Suna yana da mai shi. Ka yi wa mutum takwara ka faranta wa gida guda rai. Na linke takardar na sa a aljihu, na ce bari in yi bincike irin na manya.

Ana saura mako biyu haihuwa mahaifiyar Amarya ta sauka daga Ireland. Sunanta Bridget, ni kuma na naɗa mata Gwaggo Birjit. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce, kai fari fat, ba ta rabuwa da kofin shayi, kuma in ta fara hira sai dai ka nemi izinin zuwa salla. Turancina na kasuwa ne, amma ina tsintar rabi. Cikin kwana uku na san sunan maƙwabtanta kaf, da na limamin cocinsu, da na karenta, da na karen da ya mutu kafin wannan. Mutum ɗaya ne tak ba ta kama sunansa: mijinta. In hira ta biyo ta kansa sai ta ce "uban yaran nan", ko "wancan mutumin", ta tsuke baki, ta juya tana kallon taga.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Haka mahaifiyata take, Allah ya jiƙanta. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan Baba ba. Akwai yaron maƙwabta mai irin sunan, shi ma "mai sunan Malam" take ce masa. Na ce a raina, ashe kunya ta ƙetare teku. Ga Baturiya, miji ya rasu shekara da shekaru, ba ta sake aure ba, har yau nauyin sunansa take ji.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci a motar Likita, na tambaye shi kamar ba komai.

"Likita, mahaifin Amarya, me sunansa?"

"Fergus. Amma Baba, ba a ambatonsa a gidansu. Tun tana 'yar shekara shida..."

Na ɗaga masa hannu. "Ya isa. Na gane. Irin wannan magana ba a tsawaita ta."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Na gode, Baba." Shi yana murna ubansa ya gane, ni ina murna na haifi yaro mai kara. Haka muka iso gida kowa na jin daɗin ɗan'uwansa.

Hajiya ce kawai ta shinshino wani abu. Ta ce, "Malam, cikin takardar yarinyar nan ka zaɓa dai ko?"

Na ce, "Hajiya, raɗin suna aikin maza ne."

Ta ce, "To. Allah ya sa mu ji alheri." Ta ci gaba da gyaran zogalenta.

Aka haihu lafiya, yaro jajir kamar an ɓare dankalin Hausa. Ni kuwa ban tsaya a suna ba. Akwai abokina Alhaji Isa, mutumin Kumasi, mai shagon buga riguna da kalanda a nan Landover. Na kai masa hoton jariri, na sa ya buga mini kofunan tangaran guda sittin na rabon baƙi, kowanne da hoton da cikakken suna a ƙasa. Na sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ya ce, "Alhaji, wannan suna kamar na maganin tari." Na ce masa shi ya sa har yau kofi yake bugawa.

Ranar suna ta faɗo Asabar. Aka kafa rumfa a bayan gidan Likita a Upper Marlboro. Tun da sassafe an yanka rago a wata gona da ke can gaba, an kawo nama. Likitoci da injiniyoyi sun sha manyan riguna, mata suna daga ƙofar kicin, Gwaggo Birjit an ɗaura mata ɗankwali tana zaune a kujerar gaba da shayinta. Limaminmu dattijo ne mutumin Damagaram, Faransanci da Larabci a bakinsa kamar ruwa, amma Turanci sai a hankali. Aka raba goro da dabino. Liman ya miƙo kunne in raɗa masa suna, sai na ce a dakata, ina da jawabi. Da Turanci kuma, don baƙuwarmu ta ji da kunnenta. (Kwana huɗu ina haddarsa a banɗaki.)

Na miƙe, na gyara babbar riga. Ga abin da na faɗa, in an cire tuntuɓe:

"Jama'a, na zo ƙasar nan ina zaton kunya a filin jirgin Kano muka baro ta. Sai Allah ya haɗa ni da wannan baiwar Allah. Shekara kusan talatin ba ta kama sunan mijinta ba, saboda girmansa da take gani. Ku 'yan matan zamani masu ƙwala wa mazanku kira kamar kuna tsayar da tasi, ga makaranta nan a zaune. Gwaggo Birjit, yau na dawo miki da mijinki cikin gida. Kullum za ki ɗauke shi, ki goya shi, ki yi masa wasa. Sunan yaro Muhammad Fergus."

'Yan bayan rumfa suka fara "Allah ya raya", amma addu'ar ba ta iso gaba ba ta mutu a hanya. Na ga Likita ya runtse ido kamar mai ciwon haƙori. Gwaggo Birjit ta ajiye kofinta a hankali.

Ta ce, "Wa?"

Na ce, "Fergus. Marigayi mai gidanki."

Sai na ga fuskarta ta washe. "Marigayi? Yaushe? Wa ya gaya maka?"

Daga ƙofar kicin Amarya ta ce, "Mama, bai mutu ba."

"Na san da wuya," in ji tsohuwar. "Irinsu ba sa mutuwa."

Daga nan ta miƙe ta ba taro tarihi. Ashe bawan Allahn nan wata Lahadi ya ɗauki motar gida, ya ɗauki matar da ke kaɗa musu molo a coci, suka tsallaka ƙasar Sifen, ya bar ta da yara uku, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Yana can har yau yana shan rana da ƙaton tumbinsa. Ta ce ta yi rantsuwa sunansa ba zai ƙara fita daga bakinta ba, don in ya fita sai ta wanke bakin da sabulu.

Ina tsaye. Na rasa inda zan sa hannuwana. Na ce to, ai an gama, abin da ya fi wannan ba zai zo ba. Sai liman ya taɓo Alhaji Isa ya ce, "Mi taka cewa?"

Alhaji Isa kuwa, Allah ya saka masa, ya tashi tsaye ya fassara da Hausa, da murya irin ta mai shela, tun daga jawabina har zuwa sabulu. Inda ta taƙaita ma shi ya faɗaɗa. Duk wanda Turanci ya kare ni daga gare shi, yanzu ya ji. Wata Hajiya 'yar Zariya dariya ta ci ƙarfinta har sai da aka ba ta ruwa.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Amarya ta fito da yaron a kafaɗa, idonta ya yi ja, ta tsaya a gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Da Hausarta mai tsami ta ce, "Baba, na ba ka biyar."

Yarinyar nan ta bar uwarta ta bar kowa ta ɗora mini girma, ni kuma na ɗauko mutumin da ya watsar da ita tana 'yar shekara shida na liƙa wa ɗanta.

Na sunkuya wajen liman na ce, "Malam, an riga an yanka rago. Akwai gyara?"

Ya ce, "Alhaji, yaro aka yanka wa rago, ba kuskurenka ba. Ka canza."

Na je gaban Gwaggo Birjit, ni da babbar rigata da furfurata, na rusuna kamar yadda 'yarta ke yi mini. Na ce na yi laifi, na sauka daga kujerar zaɓe, ita za ta faɗa. Sannan ta ce Cormac, sunan mahaifinta, wanda ya kwashe ta da yaran uku ya riƙe su har suka zama mutane. Amarya ta ce shi ne ma na farko a takardar. Ban iya tabbatarwa ba, don takardar tana aljihun wata riga da aka riga aka wanke.

Liman ya sanar da Muhammad Cormac, aka shafa fatiha, wannan karon addu'a ta zagaye rumfa. Na fara samun numfashi ke nan sai na ji hayaniya daga kicin. Mata sun buɗe kwalin kofuna.

Na yi niyyar kwashe su in kai bola, amma Gwaggo Birjit ta riga ni. Ta ɗaga ɗaya ta karanta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a ware mata dozin. Wai za ta kankare hoton jikanta, ta bar sunan, duk shekara in ranar da mutumin ya gudu ta zagayo ta fasa ɗaya a bango.

Da la'asar muka koma Landover. Ina zaune na cire hula, Hajiya tana ninke mayafinta, sai wani tunani ya faɗo mini wanda da ma bai faɗo ba.

Na ce, "Hajiya, shekara arba'in da huɗu muna tare, ban taɓa jin kin kama sunana ba. Kunya ce dai ko?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, ka ci gaba da ɗauka haka."

Tun daga ranar, in na ga mace ba ta kiran sunan mijinta, ba na saurin yaba tarbiyyarta, sai na fara tambaya yana ina. A gidana kuwa na bar tambaya gaba ɗaya.